Rantsuwar da Baba Ya Ƙi Yi

Har yau in na ji ƙanshin ɗanyar gamba sai gabana ya faɗi, ko da ina tsakiyar aiki da goyo a bayana. Fargabar nan tun ina ƙarama take, tun kafin kowa a gidanmu ya san akwai magana. Ni ce mai kai wa Baba abinci gona, can bakin rafi tsakanin Nariya da Kibiya, ni na fara lura gambar da ta raba gonarmu da ta maƙwabcinmu tana raguwa. Yau wannan tushen babu, in an kwana biyu wancan babu. Na gaya wa Inna, ta ce in kama bakina, shanu ne. To, shanu ba sa tuge saiwa su mayar da ƙasa su daddale.

Gonar rafin nan ita ke riƙe da mu. Ta tudu gero kaɗai take bayarwa, shi ma in damina ta yi kyau. Ta rafin ce ke ba mu dankali da rogo idan rumbu ya yi ƙasa.

A shekarun da ake ta zancen Turawa za su tafi, bayan an gama kaka, aka kawo wa Baba sammaci. Maƙwabcin ya kai ƙara Rano, wai gefen rafin na ubansa ne, aro aka ba kakanmu. Inna ba ta damu ba. Alƙalin da ke Rano a lokacin tare suka yi karatun allo da Baba, sun ci bulala a hannun malami ɗaya. Ta ce, "Ai ɗan gida ne, ya san mu."

Dattawan unguwarmu duk sun san iyakar nan, wasunsu da hannunsu aka dasa gambar. Amma maƙwabcin surukin dagaci ne. Da ranar zama ta zo, wannan ya ce ƙafarsa ta kumbura, wancan ya tafi ta'aziyya Rurum. Baba ya tafi da Baffa, ƙanensa, su kaɗai.

A bakin Baffa na ji yadda aka yi, ina tsince wake a bayan ɗaki. Mai ƙara ba shi da shaida, Baba ma ba shi da ita. Sai alƙali ya ce rantsuwa ta hau kan Baba: ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani ya ce gonarsa ce, magana ta ƙare. In ya ƙi, a juya wa mai ƙara.

Ku da kuka yi karatu za ku ce ina wahalar a nan. A wurinmu kuwa, gidan da aka dafa Alƙur'ani ana ganin ya ɗauko wa kansa, ko da gaskiya aka dafa. Inna na da tsohon ciki. Kakata, uwar Baba, ta riga ta tare shi a zaure tun da safe kafin ya tafi ta ce, "In ka taɓa Alƙur'ani ban yafe ba. Ƙasa ce, a ci. Ni jikana nake so."

Baffa ya ce alƙali ya sa aka fitar da mutane, ya sauke murya ya kira Baba da sunan da suke tsokanarsa da shi suna yara. Ya ce, "Kai, na san gonarka ce, na ci rogonta. Amma sanina ba shaida ba ne. Rantsuwar gaskiya ba ta cin kowa, tare muka karanta."

Baba ya ce, "Allah ya gafarta Malam, tsohuwa ta hana."

Aka juya rantsuwar. Maƙwabcin ya nannaɗe hannun riga ya yi alwala ya rantse, ko rawar murya babu. Aka ba shi gonar.

Inna ta haifi namiji lafiyayye, kakata ta yi ta godiya wai ta tsare shi. Damina ta biyo baya da ƙarancin ruwa. Kafin bazara rumbu ya ƙare, muka koma cin ganyen tafasa da dusa. Daga hanya ina hango ganyen dankalinmu shar a hannun wani. Nonon Inna ya ƙafe. Da ƙyanda ta shigo unguwa ba ta sha wahalar ɗauke ƙanena ba. Baba ya tafi cin rani, ya dawo da tarin da bai bar shi ba. Ban taɓa jin ya ambaci gonar ba har ya rasu.

Shi alƙalin an ɗauke shi daga Rano, ya yi ta gaba. Kwanaki maigidana na jin rediyo ya ce mini ya zama babba ƙwarai, alƙalin alƙalai na ji ya ce, ni dai ban san matakansu ba. Ana ta yabonsa, wai bai taɓa karkata shari'a don sanayya ba. Gaskiya ne, mu shaida ne. Ba na riƙe da shi a zuciya, ko da yake wani lokacin ina so in riƙe.

Yanzu 'ya'yana ƙanana ne, gona ɗaya gare mu, mutane kuma sai ƙaruwa suke, ƙasa ba ta ƙaruwa. Wanda nake faɗa wa yake rubuta mini ya ce mutane da yawa za su karanta. To ina roƙonku abu ɗaya. In an kira ku shaida a kan abin da idonku ya gani, don Allah ku je.