Tsanwar Tsohon Faru

A gidanmu na Talata Mafara ba wanda ya ɗauki zayyana a matsayin sana'a. Mahaifina malami ne, karantarwa ce aikinsa, amma duk ɗalibin da ya kusa sauka shi yakan zauna ya ƙawata masa allo. A wurinsa na koyi riƙon alƙalami da haɗa launi. Da na girma sai na zama malamin zane a wata makarantar sakandare ta garin.

Wata ranar Asabar wata baƙuwa ta yi sallama a ƙofar gida. Malamar jami'a ce, masaniyar tsirrai. Kirista ce, mahaifinta ma'aikacin gwamnati ne da aiki ya kawo shi Mafara, nan aka haife ta, kuma Hausarta irin tamu ce sak. Bayan mun gaisa ta ce gidan tarihin jami'arsu ya haɗa hannu da na wata jami'a a ƙasar Turai. Na nan suna da tsofaffin alluna da takardu masu zayyana, na can suna da na'urorin da ke gane sinadarin da ke cikin kowane launi. Abin da suka rasa shi ne mutumin da har yanzu yake haɗa launukan da hannunsa.

Na ce mata ni baƙi da ja kawai na iya, na bagaruwa da ƙaro da jar ƙasa. Amma na san wani tsoho a wani ƙauye kusa da Faru, abokin karatun mahaifina, wanda tsanwarsa ba ta dushewa.

Muka shiga mota zuwa Maradun, daga nan muka hau kabu-kabu, ƙarshen hanyar kuma muka taka da ƙafa ta tsakiyar gonakin gero. Muka iske shi a ƙarƙashin rumfa yana feƙe alƙalami. Siriri ne, dogo, farcen hannunsa na dama duk ya rine. Sai da ya tambayi lafiyar kowa a gidanmu, har da waɗanda suka daɗe da rasuwa, ina faɗa masa yana yi musu addu'a, sannan ya saurari abin da ya kawo mu.

Bai yi mana rowa ba. Ya nuna mana yadda yake jiƙa bagaruwa, da ramin da yake ɗebo jar ƙasa, da yadda yake tace rawaya. Malamar tana rubutawa tana tsinkar ganye tana sawa tsakanin takardu, ni kuma ina zana kowane tsiro da kowane kasko. Da muka zo kan tsanwa sai ya ajiye alƙalami.

"Wagga ba a faɗinta da baki," in ji shi. "Saiwa ce, kuma yanzu ba lokacinta ba ne. Ku komo bayan kaka in kai ku inda take."

Malamar ta ce, "Baba, ko sunan itacen?"

Ya yi murmushi. "Ɗiyata, in na faɗa miki suna, wani icce za ki tono."

Ya ba mu wata takarda da ya yi wa zayyana tun yana saurayi, ya ce a kai wa mutanen can su gani.

Kaka ta zo ta wuce ban koma ba. Jarrabawar ɗalibai ta riƙe ni, sannan matata ta haihu, sannan aka fara cewa hanyar ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga. Na ce bari ƙura ta lafa. Haka shekara ta juyo, wata ta bi ta.

Ana nan sai malamar ta kira ni jami'a. An buɗe baje kolin aikin da muka yi a can Turai, za a nuna mana ta bidiyo kai tsaye. Na ga wani ɗaki fari fat, zane-zanena a jikin bango, ganyayen da ta busar a gefensu, takardar tsohon kuma a tsakiya cikin akwatin gilashi, yara 'yan makaranta sun kewaye ta. Wani masanin sinadarai mai furfura ya matso ya yi bayani, malamar tana fassara mini. Ya ce sun gano abin da ke cikin kowane launi, ban da tsanwar. Akwai wani abu a cikinta da bai dace da komai ba cikin abubuwan da suka sani. Ya roƙe ni in koma in tambayi mai ita.

Na je, amma iyakata Maradun. Masu kabu-kabu suka ce ba mai shiga wajen, kuma ko na shiga ba zan iske kowa ba, ƙauyen ya watse. Wani mai shayi a tasha ya ce an ga wasu daga cikin mutanen a Bakura. Kwana biyu ina bin unguwanni kafin a nuna mini 'yar tsohon, tana zaune da 'ya'yanta a wani kango da aka ara musu.

Ta ce ranar da suka gudo mahaifinta ya kasa tafiya, aka ɗora shi a jaki. A hanya ya cika. Maza suka yi masa sutura cikin gaggawa a gefen wata gona, kuma yau ko ita ba za ta iya nuna wurin ba. Na tambaye ta saiwar, ina jin kunyar tambayar. Ta ce ita ke daka masa, amma a busashe yake kawo ta, ba ta taɓa ganin ganyen ba.

Har na miƙe sai ta ce, "Malam, ranar da kuka zo na ga ka aje waya gabanai. Ka ɗauki muryatai?"

Na ɗauka kuwa, na ma manta. Na lalubo na kunna mata. Ni duk sauraron da na taɓa yi, maganar tsohon nake bi. Ita kuwa ta kara wayar a kunne tana jin abin da ke bayansa. Ta ce wannan dakan na maƙwabciyarsu ne, ta rasu. Wannan mai tarin ƙanen mijinta ne, an tafi da shi daji ba a sake jin labarinsa ba. Wannan mai kiran awaki ita ce da kanta. Matan kangon suka taru, aka yi ta maimaitawa, kowa na tsintar nasa. Ba wadda ta yi kuka. Na tura muryar a wayar wani maƙwabcinsu na yi musu sallama.

Malamar ta rubuta wa mutanen can abin da na samo. Suka amsa da ta'aziyya, suka ce za su ƙara bayani a ƙarƙashin takardar. Ni kuma tun daga lokacin, duk bayan kaka nakan fita bayan gari da fartanya in tono saiwoyi, in shanya, in daka, in gwada a takarda. Wasu sukan yi tsanwa mai kyau ranar farko. Kafin mako ya zagayo sai su koma ruwan ƙasa. Matata ta daina tambayata me nake nema, takan dai ware mini turmi ɗaya da ba a daka abinci a ciki.