Taya Mai Haƙora

Babur ɗina ya girmi wasu malaman da muke koyarwa tare. Daga kawuna na gaje shi, kuma duk Kafanchan babu makanikin da bai taɓa yi masa tsaki ba. Shi ke kai ni firamaren da aka tura ni, a wani ƙauye can bayan Fadan Kaje, inda kwalta ke ƙarewa ta bar mutum da jar laka da wani rafi mai gangare.

Da damina ta kankama, tayar baya ta suɗe sumul. Na sha ƙasa a gangaren nan har wandon aikina ya yage a gwiwa. Ranar Asabar na kai shi shagon taya a kasuwa. Mai shagon ya ce taya mai girman ƙafar babur ɗin ta yi wuya yanzu, ya tono mini biyu daga ƙarƙashin kaya.

"Ticha, wannan na kwalta ne, irin wanda ka cinye. Wannan kuma mai haƙori ne. Ko fadama ka shiga zai fito da kai."

Ni da na gaji da wankin laka, ko shawara ban tsaya yi ba, na ce a ɗaura mini mai haƙoran. Ranar Litinin da safe na haye rafin ban sauke ƙafa ba, har da waƙar coci a bakina.

A shekarar hankalin kowa a tashe yake. An kai wa ƙauyukan kewaye hari, kuma maharan a kan babura masu manyan tayoyi suke zuwa. Mutane sun koyi duba sawun taya a ƙasa kafin su shiga gona. Na san duk wannan, amma a shagon laka kaɗai ce a raina. Ko da na ga yaran unguwar bakin rafi ba su zo aji ba, ruwan sama na ɗora wa laifi.

Da aka tashi ana yayyafi, sai na sa rigar ruwa na rufe kaina. Ina gangarowa rafin, maza suka miƙe daga cikin ciyawa, wasu da sanduna, ɗaya da bindigar farauta.

"Kashe mashin! Sauka!"

Na taka birki. Na kai hannu ga makulli, babur ɗin kuma ya ƙi mutuwa, sai ƙara yake. Bakin bindigar na kallon ƙirjina. Da ƙyar na fizge hular rigar na buɗe fuskata.

"Ticha! Kai ne?"

Mai bindigar uban wata ɗalibata ne. Ya sauke ta, ya zauna daɓas a cikin laka ya riƙe kansa. Wani dattijon cocinsu ya matso, ya dubi tayar, ya dubi sawun da na bari da safe.

"Ɗana, tun safe mata sun ga wannan, sun bar gonan citta, sun kwashe yara sun hau dutse. Har yanzu ba su sauko ba."

Dattijon ya ce ba komai, ranar Lahadi in kawo babur ɗin ƙofar coci a gangara shi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, mata su gane sawun ticha su daina gudu. Mazan suka ce hakan ya yi, wasu har da 'yar dariya.

Saura kaɗan in amsa. Sai na sake kallon sawun. Irin tayar nan duk mai so zai saya ya ɗaura. Na hango wata mace da goyo tana cire ciyawa, ta ga wannan zane a hanya, ta ce ai ticha ne, ta sunkuya ta ci gaba da aikinta.

Na ce, "Baba, kada a nuna musu. Yau zan koma in cire ta in sa ta kwalta. Duk ranar da suka ga wannan sawu, su gudu."

Dariyar ta ɗauke. Dattijon ya karyo reshe mai ganye, ya ce in tura babur ɗin a hankali. Ina turawa, shi da kansa yana biye da ni yana share sawun, har muka kai bakin kwalta.