Munduwar Ɗan Aljana

A gidanmu na Katagum, idan an idar da sallar isha'i, kakata Iya Hanne takan ja tabarma kusa da murhu, mu jikoki mu kewaye ta. Yawancin tatsuniyoyinta na dariya ne. Ɗaya ce kawai take faɗa da murya ƙasa-ƙasa, tana kallon garwashi.

Wai wani maƙeri ne aljana ta zo wa da asuba, goye da jaririnta, ta ce a ƙera masa munduwar ƙarfe. Ta gargaɗe shi cewa idan ta zame ta faɗi, ko ta matse yaron, da hannunsa na dama zai biya. Maƙeri ya auna ɗan hannun nan mai sanyi. Tsoron kada ta zame ya sa ya ƙera ta cif-cif, ko gashi ba zai ratsa ba. Ya manta cewa da wuta aka halicci aljanu. Rana na take tsaka jikin yaron ya ɗau zafi, hannu ya kumbura, ƙarfe ya nutse cikin nama.

“Maƙerin yana cikin bugun maƙera,” in ji Iya, “sai ya ji kukan jariri a bayansa. Bai waiwaya ba. Guduma dai ta faɗi, hannun kuma bai sake ɗaguwa ba.”

Ƙanwata ta tambaya ko aljanar ta yafe daga baya. Iya ta ce mu yi addu'a mu kwanta.

Na girma na koyi kanikanci a Azare. Injin farko da maigidana ya bar mini in haɗa ni kaɗai na motar Malam Buba ne, wadda ke kai mata kasuwar Gamawa. A cikin inji akwai sandar da ke juyawa, karanshaf, tana kwance a kan wasu faya-fayen ƙarfe. Dole a bar tazara tsakaninsu don mai ya ratsa, tazarar da ba ta kai kaurin wasali a allo ba. In ta yi yawa, inji ya yi ta ƙwanƙwasa. In ta yi kaɗan, da ya ɗau zafi sai ya cije, ko da a tsakiyar titi ne da mota cike.

Na ɗaure sandar, na juya ta da hannu, na ji ta ɗan yi nauyi. Zuciyata ta ce ai matsewa ita ce lafiya. Amma ƙarfen sanyi ƙalau yake a tafina, sai na tuna da hannun ɗan aljanar nan. Na kwance duka, na sa zaren awo a kowane faifai. Ɗaya ya matse. Na canza shi.

Malam Buba ya gaji da jira, ya ce, “Kai Malam, inji kake haɗawa ko saukar karatu?”

Motar ta je Gamawa ta dawo, alhamdu lillahi. Sai dai na gane ba sakaci ne ya cinye maƙerin Iya ba, tsoro ne ya sa shi matsewa. Har yau in na tayar da sabon inji, ba na murna da tashinsa. Tsayawa nake, ina ambaton Allah, har sai ya yi zafi.