Ranar da Baba Ya Zauna a Kan Ƙanƙara

Wata Asabar ce a watan Fabrairu, shekarar da na cika goma, na tsinci kaina tsaye a kan wani tsauni, ƙafafuna ɗaure a kan ski, dogayen allunan nan da ake sulɓi da su a kan ƙanƙara. Rana ta riga ta faɗa bayan dutse, dusar ƙanƙarar da muka yini muna birgima a cikinta ta daskare ta yi tauri kamar daɓen siminti. Duk wanda ya wuce sai in ji ƙarar ƙarfe yana kankare ta, ƙarar tana shiga har cikin haƙorana.

A unguwar Minguettes muke zaune a lokacin, can gefen Lyon, a hawa na goma sha ɗaya. Duniyata ba ta wuce makaranta da filin da ke ƙasan benenmu ba, inda muke tsallen igiya da 'yar ɓuya tsakanin motoci har sai Inna ta leƙo ta taga ta ƙwala mini kira. Ni ke sauke shara, ni ke sayo burodi, ni ke tsince shinkafa ran Lahadi. In gari ya yi wasai mukan hango duwatsu farare can nesa, amma ban taɓa tunanin mutum irina yana zuwa wurin ba. Baba kuwa ɗan Damagaram ne, karatu ya kawo shi Faransa, ya zauna yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje. Dogo ne, mai tabarau, mai magana a hankali. Ban taɓa ganin abin da ya razana shi ba.

Da cibiyar yaran unguwa ta shirya kai mu tsauni, aka ce ana son iyaye biyu su yi rakiya. Baba ya rubuta sunansa. Inna ta ce, "Malam, kai da ko kan tayil mai ruwa ba ka iya tafiya?" Ya yi dariya kawai. Maƙwabcinmu Kawu Mahamat, ɗan Chadi da ke aiki a shagon gyaran kayan wasanni, shi ya aro mana ski. Ya kama yatsana ya ɗora a bakin ƙarfen ski ɗina, na ji kaifi kamar wuƙa. Ya ce, "Hadiza, waɗannan ko'ina suna tafiya. In ƙanƙara ta yi tauri, karkata gwiwa wajen tudu, bakin nan ya cije. Shi ne zai riƙe ki."

Da safe komai wasa ne. Ƙanƙarar tana da laushi, muna faɗuwa muna tashi, Baba ma ya shiga layin yara yana koyo, malamar da ke koya mana tana ta yaba masa. Da yamma ne aka hau da mu sama don gangarowa ta ƙarshe. Malama ta yi gaba, yara suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, ni ce ta ƙarshe, Baba kuma a bayana. Na kasa motsawa. Ina nan tsaye sai na ga mutum ya wuce ni da gudu, hannuwa a sama, sandunan dogarawa suna lilo. Baba ne. Ski ɗin sun kwashe shi, bai iya tsayar da su ba. Ya faɗi, ski na ƙafa ɗaya ya ɓalle ya yi nasa waje, shi kuma ya ci gaba da sulɓewa a kan bayansa har ya daki ragar da aka kafa a bakin hanya. Bayan ragar nan gangare ne mai zurfi da itatuwa.

Bai tashi ba. Na duba ƙasa, su malama sun sha kwana, ba su ga komai ba. Can na ji ya kira ni, da wata irin murya siririya da ban san shi da ita ba: "Hadiza! Kina ina? Ban ga komi ba!" Tabaransa sun faɗi.

Ban san yadda zan kwatanta tsoron nan ba. Na faɗuwa daban, na jin muryar Baba daban, kuma na biyun ya fi. Na juya ski ɗina a gicciye, na karkata gwiwa wajen tudu yadda Kawu Mahamat ya ce, na ji bakin ƙarfen ya kama. In na saki kaɗan in zame, in na karkata in tsaya. Haka na riƙa sauka taki-taki, ina kuka, majina tana daskarewa a leɓena, ina karanta duk surar da ta zo bakina, ina haɗa farkon wannan da ƙarshen waccan.

Na iske shi zaune, ya riƙe raga da hannu biyu, gwiwarsa ta dama ta ƙi lanƙwasuwa. Na kafa ski ɗina a ƙasansa, na cusa hannu cikin rigarsa na riƙe. Da ragar ta tsinke, ƙarfina ba zai hana komai ba, amma a lokacin gani nake ni ke riƙe da shi. Ya ce, "Kada ki sake ni." Na ce, "To, Baba." Ina nan riƙe da shi har masu ceto suka iso da abin jan marasa lafiya suka sauko da shi.

Na ɗauka zai ɓoye wa Inna. Amma da muka koma gida, ƙafarsa a naɗe, maƙwabta sun cika falo ana yi masa sannu, sai ya faɗi komai. Ya ce, "Wallahi na ji tsoron da ban taɓa ji ba. Ɗiyar nan ce ta zo gare ni." Inna ta dube ni ta daɗe, sannan ta tashi ta zuba mini fura a kofin da ake ba baƙi.

Yau ina zaune a Stains, can gefen Paris, ina aiki a Paris, 'ya'yana kuma suna zuwa tsauni da makarantarsu kamar masu zuwa kasuwa, ba ruwansu. Baba ya yi ritaya ya koma Damagaram. Sau ɗaya a shekara yake zuwa ganin likita, in raka shi kasuwar 'yan Afirka ta Château Rouge sayen yaji da busasshen kifi, ya dafa kafaɗata muna hawan matakalar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, yana tsayawa yana hutawa. Kowace shekara hannun nasa yana ƙara rashin nauyi. Har yanzu ina jin tsoro, amma ba na ƙanƙara ba.