Wutsiyar Kwalekwalen Mahaifina

Bayan yaƙin Turawa na biyu, ƙanen mahaifina, wanda muke kira Baba Ƙarami, ya dawo Keita daga soja da muƙamin kaparal da ɗan moter na jirgin ruwa naɗe cikin bargo. Ina saurayi lokacin, ni nake yi wa mahaifina tuƙi a tafki.

Kwalekwalenmu shi kaɗai ne a gefenmu. Sauran masunta bisa gora suke shiga ruwa. Da icen maɗaci aka sassaƙa shi can kudu, aka kawo shi bisa takarkarai tun zamanin kakana, kuma duk Adar babu icen da zai fitar da irinsa. Shekarar da gero ya gaza, da kifinsa muke rufa asiri.

Moter yana bukatar shimfiɗaɗɗen katako da zai cije, wutsiyar kwalekwale kuwa tsini ce. Sai an yanke ta.

"Yaya, kamu guda za a cire," in ji Baba Ƙarami. "Mu riga kowa isa tsakiya."

"Kaparal, in anka yanke, kai za ka tohwa mata yawu ta koma?" in ji mahaifina.

Abin da ya tsananta al'amarin shi ne tafkin yana rufe. Ba mai sa jirgi ko koma a ruwa sai ranar da sarkin ruwa ya buɗe su, wato kamun kifi. Mahaifina ya je ya roƙi izinin gwaji, tsohon ya ce ko ƙwarya ba za ta shiga ba. Don haka cikin gangar ƙarfe aka gwada moter. Ya tashi da ruri, ya watsa ruwa har bisa danga, na ga fuskar mahaifina ta sauya. Har yau ban san ko ƙarfin abin ne ya rinjaye shi ba, ko kuwa tausayin ƙanen da ya dawo daga yaƙi ba ya iya barci sai da surutu.

Masassaƙi ya ɗora zarto ya dubi mahaifina, bai ja ba sai da aka gyaɗa masa kai. Aka toshe wurin da katakon gawo, maƙeri ya ɗaure da ƙarfe, muka cusa tsumma da ƙaro a tsagar haɗin. Duk a tudu aka yi awon, jirgin kife bisa duwatsu, ba kowa a ciki.

Ranar buɗe su, gari duka yana bakin ruwa. Baba Ƙarami ya zauna baya wajen moter, mahaifina tsakiya, ni gaba. Tun kafin mu yi nisa na lura hancin jirgin ya ɗaga. Na waiwaya: tsakanin ruwa da bakin katako bai fi faɗin yatsa ba. Ba wanda ya lissafa nauyin ƙarfe haɗe da na mutum a wurin da aka rage itace.

Da ya ja igiya moter ya tashi, sai gindin ya ƙara nutsewa, ruwa ya fara kwararowa ta sama, girgizar kuma tana fitar da tsumman daga tsaga.

"Kashe shi!" mahaifina ya daka tsawa.

Ya kashe, amma ruwan bai tsaya ba. Ina kwarfa da ƙwarya, yana kai mini idon sawu. Ƙarƙashinmu laka ce mai riƙe abin da ya faɗa mata. Jirgin da ya cika a nan ba a fitar da shi.

"Yaya, bari in ja igiya mu koma gaɓa da gudu."

"Kwance shi, Kaparal. Ko shi ko jirgin."

Ya warware maɗaurin. Na ɗauka jefarwa zai yi. Sai ya ɗora moter a ka, ya zame cikin ruwan da ya kai masa haɓa. Nan take gindin ya taso.

Wani daga bisa gora ya yi kira: "Kaparal, yau moter ya hau ka!"

Ba mu yi dariya ba sai da ƙasan jirgin ya gogi yashi. Mahaifina ya bi tsagar da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan, ya yage bakin rigarsa ya cusa. Sa'annan ya miƙa wa Baba Ƙarami ƙwaryar.

"Aje abinka bisa tudu. Shiga tsakiya ka yi kwarhwa, kihi ba su jiranmu."