Fadar da Na Gano a Hanyar Surame

Ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina, ba zan manta ranar da na kai taubashiyata kallon kufan Surame ba. Shekaru sun ɗan ja yanzu, amma in na tuna sai in rufe fuska da gyale ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

Lokacin ban daɗe da gama sakandare ba, ina zaune gida a Ƙofar Kware, cikin Sakkwato, ina jiran sakamako, sai 'yar kawuna ta zo mana hutu daga Kano. Sa'ata ce, kuma kun san tsakanin taubasai ba a raga wa juna. In na ce "mi" sai ta kwashe da dariya, in na ce "munka tahi" sai ta sa in maimaita. Duk wannan na shanye. Abin da ya gagare ni haɗiyewa shi ne ranar da muna tsinke zogale a tsakar gida, ta ce su suna da Dala, suna da ganuwa, suna da marina, mu kuwa in an cire zafin rana me za mu nuna wa baƙo? Na ce Hubbare fa? Ta ce wannan na kowa ne, ba a gasa da shi, in kawo wani.

Ni kuma bakina ya fi hankalina sauri. Na tuna malamin tarihi ya taɓa ba mu labarin Surame, tsohon birnin sarakunan Kabi, mai ganuwar dutse da kangon fada. Na ce muna da birnin da in ta gani za ta ji kunyar ganuwarsu ta laka. Ta tambaye ni ko na taɓa zuwa, ko dai a littafi na gani. Na ce na je sau biyu, na san shi ciki da bai.

Ban taɓa zuwa ba. Ko hotonsa ban taɓa gani ba. Yayana yana gefe yana wanke mota, ya san iyakar yawona ba ta wuce Dundaye ba, amma bai tona ni ba. Cewa kawai ya yi ranar Asabar zai kai mu. Na ɗauka kirki ne, daga baya na gane mugunta ce.

A lokacin hanyar lafiya lau ake binta. Muka bar kwalta muka hau burji, har muka iso wani ɗan ƙauye inda mota ba ta iya wucewa. Dattawa na zaune a kan tabarma gindin bishiya. Ashe al'adar wurin ita ce baƙo ya zauna a gaisa, ya sha ruwa, sannan mai gari ya haɗa shi da wanda zai yi masa jagora. Yaya ya tuɓe takalmi ya durƙusa, aka fara. Ina gida, ina iyali, ina gajiya, yaya aka ji da damina, yaya dabbobi. Da na ga an zo ƙarshe na gyara jaka zan tashi, sai wani tsoho ya iso, aka koma farko. Aka kawo fura. Sai na ji ana cewa a ɗan jira, dattijon da ya san wurin ya tafi wajen dabbobinsa, yanzu zai dawo.

Abu biyu suka taru mini. Na farko, na san "yanzu" ɗin ƙauye tana iya kaiwa la'asar, ni kuwa ko ruwan shayi ba na iya jira ya tafasa. Na biyu, in jagora ya zo ya fara bayani, taubashiyata za ta gane ban san ko ƙofar shiga ba, kuma wannan gorin sai ya bi ni har kabari. Na ja hannunta na ce ta taso, wanda ya zo sau biyu ba ya buƙatar jagora. Yaya ya ɗago daga kan ƙwaryar fura ya dube ni, ya mayar da kansa.

Muka bi wata 'yar hanya ta cikin gonakin da aka riga aka girbe gero. Rana ta buɗe, ƙarangiya ta cika mana zane. Ina gaba ina taku kamar mai gari, cikina kuwa addu'a nake Allah ya nuna mini ko da dutse ɗaya a kan ɗaya. Sai ga shi kusa da wata kuka: katanga ta jajayen duwatsu, zagayayya, tsayinta ya kai ƙirjina, da 'yar ƙofa. Na yi hamdala a zuci na ce mun iso.

Ta leƙa ciki ta ce, "Wannan ce fadar? Ai ɗakin girkinmu ya fi ta girma."

Na ce jahilci ne ke damunta, wannan ɗakin sirri ne, inda sarki ke ganawa da waziri. Ta ciro waya ta ce to in yi bayani ta ɗauka, a nuna wa dangi. Da ina da hankali a nan zan tsaya. Sai na gyara gyale, na share murya irin ta masu karanta labarai. Akwai wani fasasshen kasko a gefe, na ce a ciki sarki ke alwala. Akwai turke a tsakiya da guntuwar igiya, na ce nan ake ɗaure masu laifi kafin a yanke musu hukunci. Ta nuna ƙasa ta ce to wannan kashin awakin fa? Na ce abin takaici ke nan, mutane ba su san darajar tarihi ba, suna barin dabbobi na shiga.

Ban rufe baki ba wata akuya ta shigo ta goge ni ta wuce kai tsaye wajen kaskon sarki. Wasu suka biyo ta. A bayansu wani dattijo ne da bokitin ruwan dusa, ya tsaya bakin ƙofa yana kallonmu.

Ya ce, "Sannunku, ɗiyana. Mi kuka nema cikin garken awakina?"

Na ce, "Baba, ba nan ne Surame ba?"

"Wanga? Ni nig gina shi bara waccan, da duwatsun da nit tsince ga gonata. Surame tana can gaba, ko ƙofa ba ku kai ba."

Wayar tana nan tana ɗauka a hannun taubashiyata. Ta daure ta tambaye shi, cikin ladabi kamar mutuniyar kirki, ko gaskiya ne a wannan turken ake ɗaure masu laifi. Dattijon ya ɗan yi tunani ya ce i to, akwai mai laifi guda da yake ɗaurewa, ya nuna wani bunsuru. Nan ta zauna daɓas a ƙasa, cikin kashin awakin, tana dariya har da hawaye.

Shi ne fa jagoran da ake jira. Bai yi mana faɗa ba. Ya zuba wa awakinsa dusa, ya wanke hannu, ya ce mu koma mu ɗauko yayanmu, don ba a shiga wurin ba tare da an nemi izinin mai gari ba. Na koma na durƙusa na yi gaisuwar da na guje wa, tun daga ina gida har yaya dabbobi.

Daga nan muka isa Surame ta gaske. Ganuwa ce ta dutse ta miƙe cikin daji har ido ya gaji, wani wuri ta zube, wani wuri tana tsaye, itatuwa sun tsiro ta cikinta. A bakin ƙofa dattijon ya yi sallama a hankali, kamar mai shiga gidan mutane. Ya nuna mana kangon fada, da inda aka ce nan suke ibada. Kowane bayani sai ya ce haka suka ji ga iyayensu. Taubashiyata ta tambaye shi me ya sa mutanen suka tashi suka bar birni irin wannan. Ya ce ana faɗin maganganu iri-iri, amma shi bai sani ba, Allah ne masani. Mutumin da aka haifa a gindin ganuwar ke nan, ya ce bai sani ba, bai ko ji nauyi ba.

A mota ta kawo mini ciniki. In ce Kano ta fi Sakkwato sau uku tana ɗauka, ita kuma ta goge wanda ta ɗauka a garken awaki. Na tuna ganuwar da muka baro a baya, na ce ba zan faɗa ba, ta tura wa wanda ta ga dama. Muna shiga gida, kafin ta cire takalmi, na zauna gaban Inna na ba da labarin da bakina, har da ƙaryar zuwa sau biyu. Ta tura ɗin kuwa. Gwaggonnina na Kano har yau in na kira su sai sun tambayi lafiyar masu laifi. Amma da za ta koma, a tasha, ta ce mini ganuwar tamu ba laifi. Sau ɗaya ta faɗa, kuma ta ce in na ba da labari za ta musa.

Haƙuri dai har yanzu ban iya shi sosai ba, ba zan yi muku ƙarya ta biyu ba. Abin da na koya shi ne in na shiga garin mutane in zauna a gama gaisuwa, komai tsawonta, kuma in aka tambaye ni abin da ban sani ba in ce ban sani ba. Kunyar faɗin haka ta minti ɗaya ce. Tawa kuwa tana cikin wayar dangi gaba ɗaya.