Labarin da Maigidana Bai Ƙarasa Ba

Ko da na manta sunayen jikokina, wannan ba zai fita daga raina ba. Ban iya rubutu ba, jikata ce ke rubuta mini.

Zamanin Turawa ne. Marigayi maigidana yana ɗinkin buhu a wurin sayen gyaɗa a Rogo, ni kuma ina sayar wa masu dako dambu. Mu Maguzawa ne da muka karɓi addinin Kirista. Samarin da ke ɗaukar buhunan gyaɗar yawancinsu 'yan uwanmu ne Maguzawa daga ƙauyukan Beli, kuma maigidana yana son su ji bishara. Ba ya yi musu wa'azi. Labari yake ba su yana ɗinki, in ya kai wurin da ya fi daɗi sai ya yanke zare ya ce, "Saura sai gobe." Wai da haka za su dawo. Suna dawowa kuwa.

Akwai wani dogon saurayi a cikinsu mai yawan tsokana. Ya sayar da akuyar babansa ba da izini ba, ya gudo, a rumfarmu yake kwana. Kullum sai ya ce wa maigidana, "Baba, wannan Yesun naka zai taya mu ɗaukar buhu?"

Ranar nan maigidana ya ɗauko misalin yaron da ya cinye rabonsa na gado a wata ƙasa, yunwa ta kama shi, ya tashi zai koma gida. Na lura dogon nan ya daina cin dambunsa. Da labari ya kai inda yaron ya hango gidansu, sai maigidana ya yanke zare.

Saurayin ya ce, "Baba, uban ya karɓe shi?"

"Sai gobe."

"Don Allah, Baba."

Maigidana ya yi murmushi ya ce, "In na faɗa maka yau, gobe me zai kawo ka?"

Saurayin ya yi wata 'yar dariya, ya ce, "Bar shi, na san ƙarshen. Sanda ce."

Washegari bai zo ba. Abokansa suka ce ya bi motar masu tafiya aikin kuza a Jos.

Ba a yi kasuwa biyu ba sai ga wani tsoho a rumfarmu, ƙafafunsa duk sun faffashe. Bayan gaisuwa ya ce ɗansa yake nema. Ya ce, "Ku ce masa ya dawo. Akuya ce fa kawai. Uwarsa ba ta cin abinci." Maigidana ya ajiye basilla ya rufe fuska. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ran nan.

Mun yi ta aike wurin duk mai zuwa Jos. Har yau ba mu ji ko yana raye ba. Bai ji ƙarshen labarin ba, cewa uban yaron ya sheƙo a guje ya rungume ɗansa.

Daga ranar maigidana bai sake tsayar da labari a tsakiya ba, ko da mota na jira, ko mai sikeli na faɗa. Har a ciwon ajalinsa yana tambayata, "Ko yaron nan ya dawo?"

Ni abin da na koya, in mutum ya tambaye ka maganar da za ta mayar da shi gida, ka faɗa masa duka a lokacin. Goben da kake ajiye masa, ba ka san inda za ta same shi ba.